Nazarin lamari: bawul ɗin tururin da ya cinye sitil iri uku kafin a kai ga kobal

Yadda wurin yake

Masana'antar tana da tukunyar tururi guda ɗaya. Tururin da take bayarwa matsinsa bar 40 ne, zafinsa kuma digiri 400 a ma'aunin Salshiyas. Babban bututun da ya fito daga tukunyar ya rabu biyu: reshe ɗaya ya nufi injin da ke juya janareto, ɗayan ya nufi sashen sarrafa kaya. A bakin reshe na biyu akwai bawul mai faɗin milimita 150, irin mai ƙyaure. Idan aka juya sitiyarinsa, sanda ce ke tura wani ƙyauren ƙarfe mai kauri a sama, siriri a ƙasa, ya sauka ya matse tsakanin zobba biyu da ke cikin gangar jikin bawul ɗin. Inda fuskar ƙyaure ta haɗu da fuskar zobe, nan ne kaɗai abin da ke tsare tururin.

Gangar jikin zubin sitil ne na kabon, irin da ake kira WCB, wanda ba a son ya daɗe yana aiki sama da digiri 425. Ƙyauren da zobban kuwa sitil marar tsatsa ne mai lamba 410, mai kuromiyam kashi 11.5 zuwa 13.5 cikin ɗari. A ƙa'idar API 600, wadda Cibiyar Man Fetur ta Amurka ta tsara domin irin waɗannan bawul, wannan haɗin shi ne aka ba lamba 1 a dā.

Ana rufe bawul ɗin duk ƙarshen mako, a buɗe a farkon mako. Tun da bututun da ke gabansa yakan huce, kuma ba a sakar wa bututu mai sanyi tururi gaba ɗaya, ma'aikata sukan ɗan ɗaga ƙyauren kaɗan su bar shi haka na wajen rabin sa'a har bututun ya ɗumama, sannan su buɗe duka.

Wata na 1 zuwa na 3: yoyo, goga, yoyo

Wani ma'aikaci ne ya fara lura cewa bututun da ke gaban bawul ɗin da zafinsa, alhali an rufe tun jiya. Da aka buɗe ƙaramin famfon zubar da ruwa da ke ƙasa, tururi ya riƙa fita ba ƙaƙƙautawa. Wannan ba asarar mai ba ce kawai. Masu gyara ba za su iya kwance komai a reshen ba muddin ba a tabbatar tururi ya yanke ba.

Abin da aka fara yi shi ne ƙara matse sitiyarin, har da zura masa bututu don a sami ƙarfin murɗawa. Yoyon ya ragu na ɗan lokaci, ya dawo.

Aka tsayar da tukunya aka buɗe bawul. Lahani iri biyu aka gani. A ƙasan zoben da ke gefen fita akwai siraran kwaruruka guda uku, santsi gare su kamar an goge, sun ratsa fuskar daga ciki zuwa waje. A fuskar ƙyauren kuma akwai ƙarzunan da suka bi tsawon hanyar hawa da saukarsa, bakinsu kaushi, wasu da ɗan ƙarfe a liƙe a ƙarshensu. Aka goge fuskokin da man goge bawul har suka yi sumul, aka mayar. Ya riƙe mako biyar. Aka sake gogewa, ya riƙe mako uku. A karo na uku kwarurukan sun yi zurfin da goga ba ta kaiwa.

Wata na 4: sitil 316

Shawarar da ta yi rinjaye ita ce a sassaƙa sabon ƙyaure da sababbin zobba daga sitil 316. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce 316 ya fi 410 jure tsatsa, ya fi shi tsada, kuma akwai guntunsa a sito. Gaskiya ne ya fi jure tsatsa: kuromiyam ɗinsa kashi 16 zuwa 18 ne, ga nikel 10 zuwa 14, ga molibdinam 2 zuwa 3.

A rufewa ta biyu bawul ɗin ya cije. Mutum biyu suka kama sitiyari da ƙyar ya motsa, kuma da ya motsa sai da wata ƙara ta fito daga ciki. Da aka buɗe, fuskar ƙyauren ta ɗaiɗaice. Ƙarfen zobe ya ɓanɓaro ya manne a jikin ƙyaure, na ƙyaure ya manne a jikin zobe.

Masu aikin ƙarfe sun san wannan hali. Idan fuska biyu masu tsabta suka gogi juna ƙarƙashin nauyi ba mai a tsakani, siririyar fatar da iska ta yi musu takan yage, ƙarfe ya taɓa ƙarfe tsirara, ƙananan tudun da ido ba ya gani su haɗe su zama ɗaya. Motsi na gaba sai ya fizge su. Sitil 316 a kan 316 yana cikin waɗanda suka fi saurin yin haka, domin yana da laushi, yana miƙewa kafin ya karye, kuma ba a iya taurara shi da wuta. Ga kuma kumbura. Kowace mita ta 316 tana ƙara tsawon wajen milimita 1.6 idan zafi ya ƙaru da digiri 100, ta sitil ɗin kabon kuwa wajen 1.2. Wato ƙyauren da zobban sun fi gangar jikin da ke riƙe da su kumbura. Da zafi suka matse juna fiye da kima, da aka huce kuma aka tarar zobe ɗaya ya saki a mazauninsa.

Wata na 6: 410 da aka taurara

Aka koma 410, amma wannan karon aka ce a ba shi tauri. An gasa ƙyaure da zobba, an tsoma su a mai, an sake ɗumama su a ƙananan zafi, har suka kai wajen 42 a ma'aunin tauri na Rockwell C. Duka fuskokin taurinsu ɗaya aka yi.

Wannan ya fi duk na baya daɗewa: mako goma sha ɗaya. Daga nan yoyo ya dawo. Kwarurukan sun sake bayyana a wurinsu na dā, ko da yake ba su kai na farko zurfi ba. Ƙarzunan cizo ma suna nan. Sabon abu shi ne gefen zobe ya ɓantare a wuri biyu, ɓantarewa mai kaifi, ba lotsawa ba. Da aka auna taurin, bai ragu sosai ba.

Abu biyu ne suka bayyana a takardun ƙarfen. Na farko, 410 da aka taurara yakan yi gautsi idan ya zauna a zafin da ya kama daga wajen digiri 400 zuwa sama da 500, shi ya sa ake guje wa ɗumama shi a wannan tsakanin, ga shi kuwa bawul ɗin a bakin wannan iyaka yake wuni yake kwana. Na biyu, ƙa'idar API 600 ta ce idan duka fuskokin 410 ne, a bar tazarar tauri ta aƙalla 50 a ma'aunin Brinell tsakaninsu, domin fuskoki iri ɗaya masu tauri ɗaya sun fi saurin cizon juna.

Wata na 8: an jera ƙarafan gefe da gefe

Kafin a sake kashe kuɗi, injiniyan gyara ya zauna ya kwatanta sitil ɗin da aka gwada da wani gamin kobal mai suna Stellite 6, wanda aka daɗe ana shimfiɗawa a fuskar bawul. Asalin irin wannan gami yana komawa ga Elwood Haynes na garin Kokomo a jihar Indiyana ta Amurka, wanda ya sami haƙƙin ƙirƙira kan haɗin kobal da kuromiyam a 1907. Stellite 6 mafi yawansa kobal ne, sai kuromiyam wajen kashi 28 zuwa 30, tungusten 4 zuwa 5, da kabon ɗan sama da kashi 1.

A takarda, abin bai burge kowa ba da farko. Taurinsa tsakanin 36 ne da 45 a Rockwell C, wato daidai da 410 ɗin da ya gaza. Ya fi sitil nauyi: giram 8.4 a kowane kubik santimita, sitil kuwa wajen 7.8. Wajen ƙin lanƙwasa kusan kunnen doki suke. Ba ya fin sitil jure narkewa: tsantsar kobal yana narkewa a digiri 1495, baƙin ƙarfe a 1538, shi kuma gamin yana fara narkewa ƙasa da 1300. Wajen miƙewa kuwa ya sha kashi, domin bai cika kai kashi 1 cikin ɗari ba yake tsinkewa, alhali 316 yakan miƙe kashi 40 ko fiye. Ba ya wuce da zafi da sauri, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da sitil ɗin kabon ke wucewa da shi. Ga tsada, wadda ta ninka ta sitil sau da yawa, tun da wajen kashi 70 cikin ɗari na kobal ɗin da ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, akasari tare da tagulla.

Bambancin yana wurin da taurin kowannensu ya samo asali. Taurin 410 daga wuta da tsomawa ya zo. Tsari ne da aka kulle cikin ƙarfen da sanyaya shi farat ɗaya, kuma zafi na iya sassauta shi ko ya canza halinsa. Taurin Stellite 6 ba na tsomawa ba ne. Yayin da narkakken gamin ke daskarewa, kabon yakan haɗu da kuromiyam su yi ƙwayoyin kabayid masu tsananin tauri, su bazu cikin uwar kobal yadda tsakuwa ke zama cikin kankare. Tungusten kuma yana narke cikin uwar yana ƙara mata ƙwari. Babu abin da digiri 400 zai warware a nan, shi ya sa gamin ke riƙe mafi yawan taurinsa har wajen digiri 500.

Sai hali na biyu, wanda ya shafi cizo. Ƙwayoyin zarra na kobal suna da salon jeruwa biyu, kuma tsantsar kobal yana sauyawa daga ɗaya zuwa ɗaya a wajen digiri 417. A cikin gamin, sauyin yana da nawa, don haka salon da ya kamata ya tafi da hucewa yakan maƙale. Idan aka danne fuskar aka goga, dannewar da kanta ce ke tilasta siririyar fatar sama ta sauya salo, ta taurare nan take. Maimakon ƙarfen ya miƙe ya manne ya ɓanɓaro gunduwa, sai ɗan abin da ya haɗe ya tsinke a sama-sama. Wannan hali ne kuma ke taimakonsa wajen jure zaizayar tururi da ɗigon ruwa masu gudu.

An ambaci Nitronic 60, wani sitil marar tsatsa mai manganis da silikon da aka yi shi musamman don rage cizo. An ajiye shi gefe saboda shi ma dangin 316 ne wajen kumbura, kuma kwarurukan sun fi cizon damun mutane.

Wata na 9: walda ta farko

Aka sayo sandunan walda na gamin kobal, irin masu riga da ake ƙonawa da injin walda na yau da kullum. Mai waldar masana'antar, mutum ne mai hannu, ya shimfiɗa hawa ɗaya a kan ƙyauren 410 ɗin nan da aka taurara, da zobbansa. Bai ɗumama su ba kafin ya fara, kuma da ya gama ya ajiye su a kan teburin ƙarfe suka sha iska.

Tun suna hucewa aka ji ƙas, ƙas, sau da yawa. Aka fesa jan rinin gwaji, aka goge, aka fesa farar hodar da ke tsotso shi. Jajayen layuka suka fito suna ratsa waldar a gicciye, kusan kowane santimita biyu zuwa uku. Ɗaya daga cikinsu ya zarce waldar ya shiga cikin 410 ɗin da ke ƙasa.

Duk da haka aka ce a sassaƙe a gani ko tsagar ta sama ce kawai. Bakin sassaƙa na sitil mai saurin yanka ya dakushe cikin ɗan lokaci. Aka kawo wanda ake sayarwa da sunan kobal, mai lamba M42, shi ma bai je ko'ina ba. M42 sitil ne, kobal ɗin cikinsa kashi 8 ne kacal, an zuba shi ne don bakin ya riƙe kaifi idan ya yi zafi, kuma ƙwayoyin kabayid ɗin da ke cikin waldar sun fi shi tauri. Sai da aka sa bakin tungusten kabayid aka rage gudun injin sannan abu ya yanku. Tsagar ta kai har ƙasa. Taurin da aka auna a fuskar da aka sassaƙe kuwa bai wuce 32 ba.

Dalilin ƙarancin taurin shi ne gauraya. Waldar sanda tana narka ƙarfen ƙasa da yawa, kuma hawa na farko na iya ɗaukar baƙin ƙarfe kashi 20 cikin ɗari ko fiye. Baƙin ƙarfen yana tsarma kabayid ɗin, yana kuma hana wancan sauyin salo da ke kare fuska daga cizo. Tsagewar kuma daga hucewa ce: walda mai zafi tana tsukewa a kan ƙarfe mai sanyi da ya ƙi binta, ita kuma ba ta da miƙewar da za ta shanye jan. Ba a mayar da waɗannan kayan cikin bawul ba. Aka rufe reshen da farantin toshewa a ƙarshen kowane mako har aka shirya.

Wata na 11: walda ta biyu, da ratse

An sassaƙa sabon ƙyaure da zobba daga sitil mai ƙarancin kabon, wanda walda ba ta sa shi gautsi, kumburarsa kuma ta yi kusa da ta gangar jiki da ta gamin. Aka rage fuskokin don a bar wa walda wuri, aka zagaye kusurwoyi masu kaifi. An ɗumama kowane yanki zuwa wajen digiri 300, ana aunawa, ba a bari ya sauka ba har aka gama. An yi amfani da waldar da iskar agon ke kare narkakken ƙarfenta, da tsirarar sanda, wuta ƙasa-ƙasa don kada a narka ƙarfen ƙasa da yawa. Hawa biyu aka yi. Da aka kammala aka binne kayan cikin garin bamikulait, wani ma'adini mai riƙe zafi, suka kwana suna hucewa a hankali.

Jan rini bai nuna tsaga ba. Aka sassaƙa da bakin kabayid, aka wasa da dutse, aka goge. Kaurin gamin da ya rage a fuska wajen milimita 2.5 ne, taurinsa 40 zuwa 41. Mai walda da mai wasawa sun yi aiki da takunkumi da na'urar zuƙe hayaƙi, domin ƙurar kobal da hayaƙin kuromiyam suna illa ga huhu. Zobban an ɗaura su, an kuma bi bayansu da siririyar walda don kada tururi ya zagaya ta baya. Wannan haɗin, gami a duka fuskokin, shi ne lamba 5 a API 600.

A wannan tsayawar aka yi wasu ayyuka biyu. An ja ƙaramin bututun ratse mai faɗin milimita 25 ya zagaye babban bawul, da nasa ɗan bawul irin wanda aka yi don a buɗe shi kaɗan-kaɗan, aka ce da shi za a riƙa ɗumama reshen. An kuma gano na'urar tsame ruwa da ke gabanin bawul ɗin ta toshe, aka canza ta.

Wata na 12 zuwa na 30

Bututun da ke gaba ya riƙa hucewa duk ƙarshen mako. Mutum ɗaya ke juya sitiyari. A wata na 30, lokacin babban gyaran tukunya, aka buɗe bawul ɗin. Fuskokin sun yi ƙyalli a inda suke haɗuwa, da ƴan ƙarce marasa zurfi da goga ɗaya ta share. Babu kwari, babu tsaga. Ɗan bawul ɗin ratse kuwa, wanda fuskarsa 410 ce, ya zaizaye har an canza shi sau ɗaya a tsakanin.

Hukunci

Lahanin biyu da aka gani tun buɗewar farko cuta biyu ce daban, kuma duk gyaran da aka yi har wata na 9 bai raba su ba. Kwarurukan masu santsi aikin tururi ne da ɗigon ruwa da ke tsere ta ƴar kafar da ake bari lokacin ɗumama bututu. Bawul mai ƙyaure ba a yi shi don ya tsaya a rabin hanya ba, kuma na'urar tsame ruwan da ta toshe ta ƙara masa harsashi. Ƙarzunan kuwa cizo ne, kuma bututun da aka zura wa sitiyari ya ƙara shi.

Saboda haka ba daidai ba ne a ba kobal dukan yabon. An canza abu uku lokaci guda, kuma zaizayewar ɗan bawul ɗin ratse ta nuna inda cutar farko ta koma. Da an ja ratsen tun a wata na 2, mai yiwuwa 410 na asali ya yi shekaru yana aiki, ko kuma a wadatu da gami a zobba kaɗai a bar ƙyaure 410, wato lamba 8, wanda ya fi araha. Amma a wajen cizo nasarar ta gamin ce. An gwada sitil mai tauri 42 ya gaza, an gwada gami mai tauri 40 ya riƙe, a bawul ɗaya, a zafi ɗaya. Lambar tauri da ake aunawa a ɗaki mai sanyi ba ta faɗin abin da fuska biyu za su yi wa juna a digiri 400.

Zaɓen 316 shi ne kuskure mafi tsada, domin an sayi maganin tsatsa alhali ba tsatsa ke cin bawul ɗin ba. Walda ta farko kuma ta nuna cewa gamin da aka shimfiɗa ba bisa ƙa'ida ba ya fi sitil ɗin da aka cire muni. Laifin ba na hannun mai walda ba ne, an miƙa masa sanda ba a miƙa masa takardar yadda ake ƙona ta ba.

Cikin nauyin bawul ɗin duka, kobal bai wuce fatar milimita biyu da rabi ba. Gangar jiki, sanda da kusoshi duk sitil ne, kuma haka ya kamata, domin su ne ke ɗaukar matsi da jijjiga, aikin da ke buƙatar ƙarfen da zai lotsa kafin ya fashe. Akwai ma wuraren da ake gudun gamin ko da kuɗi ba matsala ba ne. A tashoshin nukiliya, ɓurɓushin kobal da ya goge daga bawul yakan bi ruwa ya ratsa cikin tukunyar nukiliyar ya koma kobal-60 mai fitar da haske mai cutarwa, wanda sai bayan shekara 5.27 ƙarfinsa ke raguwa da rabi, abin da ya sa aka ƙirƙiro gamin baƙin ƙarfe irin su NOREM don maye gurbinsa.

Masana'antar ta bi sauran bawul ɗinta da wannan ma'auni. Guda huɗu da ke kan tururi mai zafi, waɗanda ake yawan buɗewa da rufewa, an sa su a jerin waɗanda za a yi wa gamin, har da ɗan bawul ɗin ratse. Na layin ruwan sanyi da na iska an bar su da sitil ɗinsu.